Yadda muka riƙe gida da albashin malamin firamare

Assalamu alaikum 'yan uwana mata. Na daɗe ina son rubuta labarin nan, saboda kusan duk bikin da na je sai wata ta ja ni gefe tace wai maman yara ya kike yi ne gidanki bai taɓa kwana ba a ɗora tukunya ba alhali mijinki malamin firamare ne, wasu ma har zato suke ko muna da wani ɗan uwa a Saudiyya da yake turo mana. Wallahi babu kowa. Rufin asirin Allah ne, sai kuma wata magana guda da ta shiga tsakanina da Abban yara, ita nake so na faɗa dan ina ganin gidaje da yawa ita kaɗai ta rage musu.

Ni 'yar wani ƙauye ce a wajen Bichi, aure ya kawo ni Kano, muna zaune a Bachirawa gidan haya ciki da falo da ɗan tsakar gida, yaranmu biyar. Tunda aka kawo ni yadda muke yi shine kullum da safe in zai fita sai ya ajiye kuɗin cefane a kan taga, ni kuma na aiki yaro shago, shinkafa gwangwani kaza, man gyaɗa a leda, magi, omo ƙulli ɗaya, sikari ƙulli ɗaya, gobe ma haka jibi ma haka. Ban taɓa sanin nawa yake ɗauka ba. Innata ma har Baffa ya rasu bata san me yake samu ba, kuma haka aka tarbiyyantar da mu, cewa mace ta tambayi miji samunsa rashin kunya ne da sa ido. Abin da na sani kawai shine daga wata ya kai ashirin Abban yara yake canjawa, maganarsa ta ragu, yaro ya zubar da ruwa kaɗan sai faɗa, kuɗin kan taga ya koma rabi, wani lokacin ma yace a je wajen mai shago a ce ya rubuta.

Sai ga 2023. Farkon shekarar canjin kuɗi ya riƙe mutane, kana da kuɗi a banki amma ba ka da na sayen barkono, sai ka biya mai POS kafin ya ba ka naka. Ba mu gama farfaɗowa ba ranar 29 ga Mayu shugaba Tinubu yace tallafin mai ya tafi, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, shi kuma da babur yake zuwa makaranta. A watan Yuli aka yi juyin mulki a Nijar aka rufe boda. Komai ya tashi lokaci guda, har kuɗin niƙa da jarkar mai ruwa. Kuɗin da yake ajiyewa a taga bai ragu ba amma abin da yaro yake dawowa da shi daga shago sai ka riƙe shi da hannu ɗaya.

Wani dare a ƙarshen daminar shekarar, yara sun yi barci, na kawo mai tuwo naga yana ci kamar wanda ya wuni bai sa komai a baki ba, har yana suɗe kwano, abin da ban san shi da shi ba. Na zauna kusa da shi nace Abban yara dan girman Allah zan tambaye ka wani abu, in ranka bai so ba ka yafe min, nawa ne albashinka? Ya daɗe bai ce komai ba, ni kuma gabana sai faɗuwa yake. Can sai ya jawo waya ya nemo alat ɗin ƙarshen wata ya miƙo min. Na duba na sake dubawa. Ni firamare da ƙaramar sakandare kawai na yi amma na iya lissafi, nan take na haɗa kuɗin cefanen wata a kaina naga shi kaɗai ya kusa cinye abin da ke cikin wayar, ba a zo maganar haya ba, ba man babur, ba kuɗin Islamiyya, ba abin da yake kai wa Hajiya mahaifiyarsa. Nace to sauran daga ina? Yace bashi, da lesin ɗin da yake yi wa wasu yara bayan la'asar, kuma ya daina cin abincin rana tun bayan sallah babba. Kuka na yi sosai a daren nan, mutum yana gida ɗaya da kai yana ɗauke da wannan kayan shi kaɗai, ni kuma ina nan ina jin haushin ya rage kuɗin nama. Da na yi shiru yace to maman yara tunda kin gani, ki taya ni tsarawa, ni dai kaina ya ƙulle.

Washegari ya kawo littafin rubutu irin na 'yan makaranta mai bango ja. Shafin farko muka rubuta duk wanda yake bin mu, mai shago, mai ruwa, wani abokin aikinsa. Shafi na biyu abin da ba makawa sai an biya. Kuma abu na farko da ya hau wannan shafin shine rabon Hajiya mahaifiyarsa, ni na ce a fara da shi, dan bana so a wayi gari ace tunda matarsa ta karɓi lissafi aka manta da uwa, kuma ni na yarda albarkar gidan ma ta nan take shigowa.

Da muka zauna da biro ne na gane inda kuɗinmu yake zurarewa. Sayen ƙulli-ƙulli ne. Man da kike saya a leda kullum, in kika tara na wata sai kiga kin biya kuɗin galan guda amma abin da ya shigo gidanki bai kai ba, haka omo haka sikari haka gishiri. Ba laifin mai shago bane, shi ma leda ya saya ya zauna ya ƙulla, dole ya ci riba. Talaka shi yake sayen kaya da tsada fiye da mai kuɗi, wannan abin har yau in na tuna yana min ciwo. To amma fita daga ciki ba wasa bane dan sai kana da kuɗi a dunƙule, mu kuma babu. Abin da ya taimake mu adashin malaman makarantarsu ne. Da can in ya kwasa a kayan sallah yake tafiya, sai nace ya roƙi uwar adashin ta mayar da kwasarsa lokacin kaka, wajen Nuwamba, aka dace wani ya yarda suka yi musanya.

Dawanau ba ta da nisa da mu, titin Katsina ne kawai ka miƙe, kuma kowa ya san kasuwar hatsi ce da ake lodi daga cikinta zuwa Nijar da Chadi da Kamaru da kudu, amma duk zamana a unguwar ban taɓa tunanin irinmu za su iya sayayya a can ba. Ashe ana iyawa. Muka haɗa kai da gidaje biyu na maƙota, a sayi buhu a zo tsakar gidana a baza tabarma a raba da kwano. Shekarar farko abin da muka iya kenan, masara da dawa da ɗan gero, wake da waken suya. Gyaɗa kuma yayana ya auno mana a ƙauye. Shinkafa ba mu ko kalle ta ba, muka mayar da ita abincin Juma'a, da 2024 ta shigo buhunta ya tasam ma dubu 100 sai muka koma afafata, wannan karyayyar da a da kaji da kifi ake ba, sai kin tsince kin rege kin wanke kin sake wankewa kafin tsakuwa ta fita. Na kan yi dambu ko fate da ita, da zogale da ƙuli, yara su cinye tas.

Ajiya ita ce rabin aikin, dan sayen hatsi ba wuya in dai ƙwari za su riga ki ci. Wake sai na shanya shi ya bushe ƙarau, in kin ciza ya ce ƙas, sannan na ɗura a jarkar mai wadda na wanke ta bushe, na cika ta har wuya, na sa leda a baki na murɗa murfin sosai. In iska bata shiga ƙwaron da ke ciki mutuwa yake, kuma kar a dinga buɗewa, shi yasa nake ware na ci a ƙaramar roba. Akwai kuma buhun nan mai leda biyu a ciki da ake sayarwa a kasuwa, shi ma aikinsa kenan. Ƙwayar maganin nan da wasu ke jefawa cikin buhu kam bana yarda ta shigo min gida, ɗakin da hatsin yake nan yarana suke kwana, kuma guba ce.

Kayan miya ma lokacinsu gare su. Da sanyi zuwa farkon zafi tumatirin rani na wajen Kura da Kadawa yake cika gari, kwando ya yi araha a kasuwar 'Yankaba, da damina ta kusa kuma ƙwaya huɗu sai ta gagare ki. To lokacin arahar nake saya na yanka na barbaɗa ɗan gishiri na shanya a kan kwanon ɗaki, tattasai da attaruhu ma haka, kuɓewa da damina in ta yi yawa na yanka na busar na daka. Kuka da karkashi da daddawa Inna ke aiko min. Zogale kuwa a tsakar gida na dasa guda biyu a bakin makwarara, ruwan wanke-wanke kawai suke sha. Yanzu in tumatir ya yi tsada ni dai labari nake ji, sai na jiƙa kauɗata na kai markaɗe.

Wuta kuma wata duniya ce. Gas tunda kilo ya haura dubu na mayar da shi na shayin safe da dafa ruwan jariri kawai, sauran gawayi. Wata tsohuwa maƙociyarmu 'yar Damagaram, muna ce mata Iya, ita ta koya min abin da har gobe nake mata addu'a a kai. Wake zaki jiƙa tun dare, da safe ki ɗora da 'yar kanwa ya tafaso sosai, in garau-garau ne ki zuba shinkafar ta yi tafasa ɗaya biyu, sai ki sauke tukunyar da murfinta a rufe ki naɗe ta da tsohon bargo ki tura cikin kwali ki rufe. Ki tafi ki yi wankinki. Kafin yara su taso daga makaranta kina buɗewa tururi zai bugi fuskarki, abinci ya nuna luguf bai kama ba bai ƙone ba, gawayin da zaki ƙona na awa guda ya huta. Ranar da na fara yi babban ɗana bai yarda ba sai da ya sa hannu ya taɓa tukunyar. Tuwon dare kuma da gangan nake yawaita shi saboda ɗumame, ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka da ɗan man shanu ko yaji ya fi riƙe cikin yaro akan biredin da kafin ƙarfe goma ya narke.

Waken suyan da muka saya shi ya zama sana'ata. Ina jiƙawa a kai niƙa na tace na ɗora a wuta, in ya tafaso na zuba ruwan tsamin da na tara daga gasarar koko, ya dunƙule na juye a ƙyalle na ɗora dutse, da yamma na soya awara. Dusar kuma ba a zubarwa, da ita na fara kiwon akuya guda da na saya da kuɗin awarar, Allah ya sa mata albarka tana haifar biyu biyu. Amma akwai abin da na rantse a kai tun ranar farko, 'yata ba zata ɗauki faranti a ka ta shiga gari talla ba. An ba ni shawarar hakan ba sau ɗaya ba, wai ciniki zai ninka in ta kai bakin titi wajen masu gareji. Na sani zai ninka. Amma na ga abin da talla ta yi wa 'yan mata a unguwar nan, na ga waɗanda aka cire daga aji saboda ita, kuma ba ribar da zata biya min wannan. A soro nake ajiye tire, mai so ya aiko yaro, abin da ya saura mu ci da dare.

Maganar yara ita ta fi komai wuya, dan ciki ana iya lallaɓa shi amma zuciyar yaro sai a hankali. Mun daina ba da kuɗin tara, kowa na zuba mai abu a roba, yau dafaffen dankali da ƙuli, gobe awara, jibi gyaɗa da ɗan rogo. Sai na lura na biyun, namiji, yana dawo da tashi robar yadda na ba shi. Na tambaye shi ya sunkuyar da kai, da ƙyar yace Umma 'yan ajinmu biskit da lemo suke saya, suna ce min ɗan mai awara. Raina ya ɓaci amma ban mai faɗa ba, na bari Abbansu ya dawo na faɗa mai. Bai ce komai ba sai da safe, ya ɗauko wata roba yace maman yara zuba min tawa nima, ya sa a jakarsa a gaban yaron, yace ni malami ne kuma a ofishin malamai zan buɗe na ci, duk wanda ya tambaye ni zan ce matata ce ta yi kuma babu bashin kowa a ciki. Daga ranar robar yaron take dawowa a wanke. Shi ma Abban nasu ta haka ya dawo cin abincin rana.

Daga baya ma sai muka daina ɓoye musu littafin. Manyan biyun in an yi albashi muna zama da su, su ga abin da ya shigo su ga inda zai tafi. Wasu sun ce min wannan ɗora wa yara damuwa ne, ni kuma abin da na gani daban, yaron da ya ga lissafi da idonsa in kace mai takalmi sai wata mai zuwa ba ya zaton ƙin sa kake, kuma ba ya barin famfon jarka a buɗe. Ba ma faɗa musu da sigar kuka ko tsinuwa ga kowa, Abbansu kullum da Alhamdulillah yake buɗe littafin. Yunifom na babba yana sauka kan ƙarami, na rage tsawo na juya kwala. Kayan sallah tun Rajab nake shiga kasuwar Kwari na yanko yadi kafin 'yan azumi su taso da farashi, tela ma lokacin ba ya wulaƙanci.

Anko kam na ajiye shi, sai na 'yan uwa na jini. Wannan ta jawo min magana ba kaɗan ba, har a dangin miji an ce na zama mai maƙo, an ce na mallake shi na riƙe mai aljihu. Ya yi min zafi, ba zan ɓoye ba. Amma bikin da aka gayyace ni ina zuwa da atamfata mai tsafta, na kai gudummawa daidai ƙarfina, in kuma aiki ne ni ce a bakin murhu tun asuba. Kuma ina so a gane, tattali daban rowa daban. Ban taɓa tuƙa tuwo daidai bakinmu ba, kullum da malmala biyu ta baƙo da almajirin da ke mana aike, ko a watan da ya fi kowanne tsanani ba mu taɓa wannan ba.

Ranar da na san Allah ya dube mu ita ce farkon Agustan 2024, da aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Kano. Shaguna a rufe, ba mai fita. Da a da ne da kuɗin taga muke rayuwa, ban san me zan ba yara ba. Amma ranar akwai sauran dawa a buhu, akwai kuka da daddawa, akwai wake a jarka. Ta katanga na dinga miƙa wa maƙota garin tuwo a kwano, wata amarya da mijinta ɗan adaidaita ne, sai ya fita suke ci, ta karɓa tana hawaye tana cewa Anti Allah ya rufa miki asiri. Na shiga ɗaki na yi sujjada.

Ba wai komai ya zama daidai bane. A daminar nan zazzaɓin cizon sauro ya kwantar min da yara biyu lokaci guda, ƙaramar har sai da aka ƙara mata ruwa, asusun da na daɗe ina tarawa a rana ɗaya aka fasa shi ya ƙare a magani. Amma ba mu je ƙofar kowa ba. Tun daga nan a littafin akwai layin magani ko da ɗari biyar ce, gidan sauro kuma ko ana zafi sai an sake shi, kuma in masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na ƙananan yara suka zo gida gida da damina ni ce ta farko a ƙofa. Da aka mayar da mafi ƙarancin albashi dubu 70 a 2024 ƙarin da ya samu ba mu bari ya shiga tukunya ba, haya muka dinga tarawa da shi wata wata, dan kar ƙarshen shekara ta zo mai gida ya tsaya mana a soro.

Na san akwai wadda zata karanta tace ni nawa mijin ko sama da ƙasa zata haɗe ba zai nuna min alat ba. Gaskiya ne akwai su, kuma ban ce ki je ki tsare shi da tambaya ba, nima sai da na shekara da shekaru kafin bakina ya iya, kuma na zaɓi daren da ya ci ya ƙoshi ba kowa a kusa. Ko bai faɗa ba ki roƙe shi ya haɗa miki kuɗin cefanen sati a dunƙule maimakon na kullum, ki sayi kwano maimakon gwangwani, in ya ga ranar Alhamis ta zo da sauran abu a gida shi da kansa zai fara sakin jiki. Ku kuma iyayenmu maza da yayyenmu, dan Allah ku daina haɗiye wannan abin ku kaɗai har hawan jini ya kama ku, matar da ta iya raba kaza ɗaya ga mutum tara kowa ya samu zata iya riƙe sirrin albashinka.

Bashin mai shago mun gama biya tun bara, yanzu in na aika yaro da kuɗi a hannu yake zuwa. Littafi mai jan bango ya cika mun sayi wani, kuma babbar 'yata ce take rubutawa yanzu dan rubutunta ya fi nawa kyau. Ita ce zata zana jarabawar gama sakandare, jiya da dare muka buɗe shafin kuɗin rajista muka ga adashin bana ba zai ɗauki hatsi da jarabawa tare ba, sai muka yanke za a kai 'yan awaki biyu kasuwa a bar uwar da ƙaramar, tace tana so ta karanci aikin jinya, ku taya mu da addu'a Allah ya ba ta sa'a.